Wasiƙa zuwa ga ɗana mai shirin tafiya tsibirin Biyoko

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyalinka, mahaifiyarka ta shaida mini cewa an tura ka ƙasar Ikwatoriyal Gini aikin yaƙi da zazzaɓin cizon sauro, kuma a ƙauyen Batete za ka zauna, can saman garin Luba. Na ga ya fi in rubuto maka, domin takarda kana iya ajiye ta ka sake dubawa.

Ka san a tsibirin nan na yi ƙuruciyata, lokacin ana ce masa Fanando Po. Kakanka, Allah ya jiƙansa, yana cikin 'yan kasuwar Hausawa na Santa Isabel, wato Malabo kafin a sauya mata suna a 1973. Yana bin ƙauyuka da atamfa da sabulu da gishiri, ni ina ɗauke masa kaya. Abubuwa da yawa sun canza, an shimfiɗa tituna, amma dutse da daji da ruwan sama suna nan yadda na bar su.

Ruwan saman shi ne zai fara gwada ka. Rani a can 'yan watanni ne, daga wajen Disamba zuwa Fabrairu, sauran shekara kuwa damina ce. A ƙauyen Ureka da ke kudancin tsibirin, ruwan da ke sauka a shekara yakan wuce milimita 10,000, wato ya ninka na Kano kusan sau goma. Za ka ajiye takalmin fata, bayan kwana kaɗan ka tarar ya yi funfuna. Gishiri na narkewa a kwano, ashana ta ƙi kamawa. Saboda haka Alƙur'aninka da takardunka da magunguna ka sa su a roba mai murfi. Duk kayan da ka shanya kuma ka goge su da dutsen guga mai zafi kafin ka sa, har da na ciki, domin akwai wani ƙuda da ke zuba ƙwai a jikin jiƙaƙƙen tufa, tsutsarsa ta shige fata ta yi maruru. Gidan sauron da za ka riƙa raba wa mutane, kai ma kada ka kwana ko dare ɗaya babu shi.

Gero da dawa kuwa ka yi musu sallama. Abincin ƙauye gwaza ne da doya da agada da kifi da manja. Ka ci, ka yaba, cikinka zai saba. Naman daji na yawo, su gada da beguwa, har biri duk da an hana farautarsa, to kai ka tsaya ga kifi. Za a miƙo maka bammi, don shi ne karramawarsu ga baƙo. Ka yi godiya, ka faɗa musu sau ɗaya a fili cewa addininka ya hana, sannan ka nemi ruwa ko ayaba ka ci a gabansu. Kada ka yamutsa fuska. Yawancinsu Kiristoci ne, a Batete ma akwai wata tsohuwar majami'a da aka gina da katako, suna ji da ita ƙwarai. Ba za ka ji kiran salla ba, rana kuma takan yi kwanaki a ɓoye, don haka ka dogara da agogo. Alƙibla tana arewa maso gabas. Juma'a sai ka gangara Malabo.

Babban abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne mutanen. Bubi ake kiransu, su ne 'yan asalin tsibirin, kuma sun daɗe suna ganin baƙi. Turawan Sifen sun karɓe ƙasa mai kyau suka shuka koko, suka yi ta kwaso lebura daga kudancin Najeriya, musamman bayan yarjejeniyar ɗaukar lebura da suka ƙulla da Turawan Ingila masu mulkin Najeriya a 1942. Aka sami 'yancin kai a 1968, sai mulkin shugaban ƙasar na farko, Masiyas Ngema, ya zo da azaba, har gwamnatin Najeriya ta kwashe mutanenta a 1975 da 1976, mu ma a jirgin ruwa muka dawo. Gonakin koko da yawa suka koma daji. Da man fetur ya fito a shekarun 1990, kuɗin a birni ya tsaya, samari suka bi shi, aka bar tsofaffi da yara a ƙauye. Duk wanda ya zo musu da mota da takarda, sun saba ganin abin da zai ɗauka ya kawo shi. Idan ka ga sun yi maka shiru da farko, kada ka ce girman kai ne.

Aikinka kuma har ƙuryar ɗaki yake kaiwa. Feshin magani na nufin tsohuwa ta fitar da tukwanenta da katifarta waje, alhali hadari na haɗuwa. Ba ƙaramar alfarma kake nema ba. Ka fara gaida sarkin ƙauye kafin ka ƙwanƙwasa kowace ƙofa, ka kuma nemi dattawan mata, domin Bubi ta wajen uwa suke lissafin dangi, maganar tsohuwa tana da nauyi. Ka sa hannu a ɗauki kaya, ka sa hannu a mayar. Sifaniyanci ne harshen hukuma, akwai kuma Pichi mai kama da burokar da ka sani, amma gaisuwa ka koye ta da Bubi. Zo mu zauna, zo mu saɓa, in an saɓa ka riga su ba da haƙuri.

Mutanen kirki ne. Wata rana ruwa ya tsare mu da kakanka a rumfar busar da koko, domin a can da wutar itace ake busar da shi, rana ba ta isa. Wata tsohuwa da ba ma jin yaren juna ta tono gwaza daga toka, ta ɓare da hannunta tana hurawa, ta ba ni. Da kakanka ya tashi salla, ita ta share masa wuri ta shimfiɗa buhu. Irin waɗannan mutane za ka shiga gidajensu, ina so su riƙa sa maka albarka bayan ka fita.

Akwai shingayen sojoji a hanya, fasfonka da takardar izinin zama kada su rabu da aljihunka. Kada ka ɗauki hoton sojoji ko gine-ginen gwamnati, siyasar ƙasar kuma ka kama bakinka. Bakin teku mai baƙin yashi zai ba ka sha'awa, amma igiyar ruwan tana da ƙarfi kuma ba ka iya iyo ba, ka tsaya daga tudu.

Mahaifiyarka ta haɗa maka kuka da daddawa da yaji, ƙaninka zai kawo ranar Asabar. Iyalinka su dawo nan gida har ka ga yadda wurin yake. Da ka sauka Malabo ka sayi layin waya ka kira mu. Allah ya kai ka lafiya, ya tsare, ya yi maka albarka.

Haza wassalam.

Mahaifinka