Sanarwa ga ƴan rukuni kan Kamen Rider Zeztz, shirin talabijin na Japan

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka.

Koke ya yi yawa kan masu fasa ƙwai tun kafin wasu su kalla, shi ya sa muka tsara yadda za mu riƙa tattaunawa.

Tashar TV Asahi na haska sabon kashi duk Lahadi da ƙarfe 9 na safe agogon Japan, wato ƙarfe 1 na dare a Najeriya da Nijar. Yawancinmu sai fassara ta fito muke kallo. Don haka daga daren Asabar zuwa bayan Isha ranar Talata, kada kowa ya turo hoto, guntun bidiyo ko labarin abin da ya faru da Baku, jarumin shirin. Har sitika, domin hoton sabuwar shiga kaɗai ya isa ya tona komai.

Hasashe kuwa ranar Alhamis ne. Kowa ya rubuta guda ɗaya, ya faɗi lambar kashin da ya dogara da shi. Abin da aka gano a hotunan kayan wasan shirin da kamfanin Bandai ke yi ba hasashe ba ne, tunda sukan fito makonni kafin shirin ya nuna su. Wanda zai kawo irinsa ya fara rubuta "GARGAƊI", ya bar layi biyar.

Muhawarar ɗamarar rikiɗa ta jarumin da ake ratayawa a ƙirji maimakon ƙugu tana nan, amma ban da zagi. Wanda ya saɓa sau biyu za a cire shi na mako guda.

Allah ya bar zumunci.
Masu kula da rukuni