Wasiƙa zuwa ga Yaya kan gidan Yakasai

Manchesta, Ingila
Daren Lahadi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kai da iyali, kuma Hajiya ta samu sauƙin ƙafar nan. Mu ma nan lafiya lau, sai sanyi da bai gama sakinmu ba, ga shi har an shiga Afrilu. Na zauna na rubuta maka ne domin duk sanda muka yi waya, ko layi ya yanke ko yara su karɓe, kuma maganar gyaran gidan nan da muka saya wa Hajiya ba ta minti biyar ba ce. Ka karanta a natse, in da hali ka karanta wa Hajiya ma.

Da farko Allah ya saka maka da alheri. Na san irin zirga-zirgar da ka sha kafin magada goma sha ɗaya su sa hannu a takarda guda a gaban mai unguwa, har da wadda ke aure a Gusau. Ni kuɗi kawai na turo, kai ne ka sha rana. Abin da ya rage a wannan ɓangaren shi ne ka bi sawun takardar a ma'aikatar ƙasa har suna ya koma namu, ka kuma tambayi ko akwai bashin wuta ko na ruwa da masu gidan suka bari, kada wata rana a zo mana da shi.

Bidiyon da ka turo na kalle shi ya fi sau goma. Da ka shiga soron, ka ɗaga wayar sama na ga azara a jere, baƙi ƙirin saboda tsufa, sai da na ajiye wayar na ɗan yi shiru. Irin soron gidan kakanmu ne sak, inda Baba yake shimfiɗa buzu bayan la'asar. Shi ya sa da na ji saƙon muryarka na biyu, inda kake faɗa mini shawarar birkila, hankalina ya tashi. Ya ce a rushe soron a ɗora bulo, sauran bangon ƙasa a shafe shi da siminti, a sa tayil a ɗakuna, a zuba intalok a tsakar gida, a sare darbejiyar, sannan a yi fenti. Yaya, don Allah ka dakatar da shi. Ba na zarginsa da mugun nufi, abin da hannunsa ya saba ke nan, kuma abin da mutane suke nema a wurinsa ke nan yanzu. Amma gidan nan ba sabon fili ba ne a Hotoro ko Janguza.

Ka san shekara shida ke nan ina wannan sana'a a nan, gyaran tsofaffin gidaje. Yawancin waɗanda muke shiga jerin gidajen jan bulo ne da aka gina wa ma'aikatan masaƙu tun kafin 1900, manne da juna kamar gidajenmu na cikin gari. Da farar ƙasa aka ɗaura bulonsu, ba da siminti ba. Daga baya wasu suka zo suka cike tsakanin bulon da siminti, wasu suka shafe bangon gaba ɗaya, suna ganin sun ƙara masa ƙarfi. Yau rabin aikinmu shi ne farfasa wannan simintin da guduma da kurfi. Idan muka ɓamɓare shi sai mu tarar da bulon a jiƙe, yana marmashewa a hannu, cikin ɗaki kuma bango ya yi baƙi, yaran gidan suna ta tari. Dattijon Baturen da nake aiki a ƙarƙashinsa ne ya fara nuna mini wannan, ni kuwa da na gane sai randar Hajiya ta faɗo mini a rai. Randa tana tsattsafo da ruwa ta jikinta, iska ta busar, shi ya sa ruwanta yake sanyi. Bangon ƙasa ma haka yake: yana shan laima da damina, ya sake ta da rani. Ka lulluɓe shi da siminti, laimar da ta hau daga ƙasa ko ta shiga ta tsaga ba ta da hanyar fita. Daga waje za ka ga bango sumul, ciki kuwa ya zama taɓo. Ran da zai tafi, falle guda zai zube. Ka tuna katangar maƙwabtanmu ta baya da ta faɗi cikin dare a watan Agusta, shekarar da aka yi bikin Auta? Da shafen siminti a jikinta ta faɗi.

Don haka soron nan magini yake buƙata, ba birkila ba. Har yanzu akwai su a cikin gari, ka tambayi Baffa, ya san gidajen magina. Su ne suke riƙe da Gidan Makama da sassan Gidan Rumfa, wanda asalinsa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ne, da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Ƙasa ce dai irin tamu, yaɓe ne da kulawa suka kawo su yau. Magini ya hau rufin ya duba inda ya lotsa yana tara ruwa, ya kankare tsohon yaɓen da ya saki, ya sake sabo da gangara zuwa bakin indararo. Ka tambaye shi makuba, shafen bangon nan da ake yi da kwasfar ɗorawa. In kuma har yanzu yana haɗa laso, to shi na fi so a saman rufin: katsi ne na marina da gashin jima da dafara, ga marinar Ƙofar Mata kusa da ku, Majema ma ba nisa. Azarar kuwa ya bi ta ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa. Giginya ce, gara ba ta cika cinta ba, amma bakinta da ke cikin bango yana ruɓewa idan ruwa ya daɗe yana sauka a kai. A bidiyon na ga tabon ruwa a kusurwar da ke hannun dama in an shigo, kuma indararon wajen a karye yake, ruwa yana bin jikin bango yana sauka. Can za a fara. A sa indararo mai tsawo wanda zai watsa ruwan nesa da gindin gini.

Ɗakuna ukun na baya, na bulo, maganarsu daban ce, a nan birkila da kafinta za su yi aikinsu. Kwanon tsohon yayi ne mai kauri, kada a yarda a kwashe shi duka a kawo na yanzu mai kama da takarda. A canja fallayen da suka huje, a sake ƙusoshi, a duba katakon da ke ƙarƙashi. Duk wanda gara ta shiga a cire shi a ƙone, sabon kuma a shafe shi da maganin gara ko baƙin mai kafin a ɗora. Ka je Na'ibawa da kanka wajen 'yan katako, ka zaɓi busasshe, domin ɗanye yana murɗewa ya ɗaga kwano.

Abu ɗaya ya fi tsorata ni a ɗakunan nan: silin. Fararen allunan nan masu tauri da na gani sun yi mini kama da asbestos, wanda aka yi ta sawa a gidaje a shekarun 1970 da 1980. A nan Ingila an haramta shi gaba ɗaya tun 1999, domin ƙurarsa idan ta shiga huhu ba ta fita, ciwon kuma sai bayan shekara ashirin ko talatin yake bayyana. Mu a wurin aiki in muka gamu da shi tsayawa muke yi, a kira masu kayan kariya. Wanda yake lafiyayye a bar shi a inda yake, a yi masa fenti kawai. Wanda ya fashe a jiƙa shi da ruwa sosai, a sauke shi a hankali ba tare da an karya ko an yanka da zarto ba, masu aikin su rufe hanci da baki, a ɗaure shi a leda. Kada yara su kusanci wurin, kada kuma wani ya roƙa ya kai gidansa ya yi kejin kaji da shi.

Wayar wuta a zare ta duka a sa sabuwa, ba na son a yi ciniki a kan wannan. Ka sayi mai kyau a Sabon Gari ko da ta fi tsada.

Sai tsakar gida, kuma a nan na san za mu ɗan saɓa da Anti, don na ji tana son intalok. Ka ba ta haƙuri a madadina. Kafin a shimfiɗa komai, sai an san inda ruwa yake bi. Gidan ya yi ƙasa da lungu, domin shekara da shekaru ana ta ciko a waje, kuma rariyar da ke fitar da ruwa zuwa kwata na ga ta toshe da ƙasa da leda. A buɗe ta, a faɗaɗa, a gyara gangaren tsakar gidan yadda ruwa zai guje wa bango ya nufe ta. Idan aka rufe ko'ina da siminti alhali rariya ba ta ja, ruwan sama ba shi da wurin nutsewa, ɗakin Hajiya zai shiga. Ni abin da nake so shi ne a yi daɓe a bakin ɗakuna da wajen wanke-wanke, a ɗaga dokin ƙofa, sauran a bar shi ƙasa a zuba rairayi. Ka yi magana da maƙwabta kuma a haɗu a yashe kwatar lungun tun yanzu, ko da mu ne za mu biya leburori.

Darbejiyar nan kada a sare ta, Yaya. Birkila yana da gaskiya cewa ganyenta yana toshe indararo, reshenta kuma yana gogar kwano. Maganin wannan sassabe ne: a rage rassan da suka hau rufi, a riƙa share saman soron kafin damina da tsakiyarta. Daga gindinta zuwa bango na ƙiyasta taku bakwai ko takwas, ka auna ka gaya mini, ka kuma duba ko akwai tsaga a bangon da ke fuskantarta. Wanda ya dasa ta ya rasu, mu muka gaji inuwarta, kuma ko yau muka dasa wata, Hajiya ba za ta zauna a ƙarƙashinta ba sai bayan shekaru. Kai da kake cikin zafin Kano a wannan watan ka fi ni sanin darajarta. A nan ina ganin yadda mutane suke lallaɓa ɗan filin bayan gidansu da bai fi tabarma huɗu ba, suna jiran rana ta leƙo. Mu Allah ya ba mu rana har ta yi yawa, ya haɗa mana da inuwa a cikin gida. Can gefen rijiya kuma a bar wa Hajiya wurin zogale da lalle, ta daɗe tana faɗa.

Rijiyar ma akwai magana. Masana lafiya suna son a samu kamar mita 30 tsakanin rijiya da masai, a cikin gari kuwa wa yake da wannan filin? Tamu ba ta kai rabin haka ba, ga na maƙwabta ta bayan katanga. A yashe ta, a ɗaga bakinta, a yi mata murfi mai makulli saboda yara. Ruwanta na wanki ne da wanka, ban yarda a sha ba. Tsohon masan kuma a duba bakinsa da kyau kafin kowa ya fara shiga, irin waɗannan suna burmawa da damina.

Na san abin da ke ranka, kuma ba laifi ba ne. Kana so ran da Hajiya za ta tare, 'yan uwa su shigo su ga gida yana ƙyalli, su san ɗanta yana Turai. Ni ma ina so. Amma kuɗin nan a kan tsani nake samunsa, cikin ruwa da iska, wani lokaci yatsuna ba sa jin guduma saboda sanyi, kuma abin da zan iya turowa kafin damina ba zai ɗauki rufi da tayil a lokaci guda ba. Ruwan farko yana iya sauka a watan Mayu, ba a kuma fafe gora ranar tafiya. Yaɓe yana son rana ya bushe. Idan muka kashe kuɗin a fenti, Agusta za ta wanke shi ta kuma shigo mana ta sama. In Allah ya kai mu kaka, gidan ya sha damina guda mun ga halinsa, sai a yi tayil a ɗakin Hajiya da banɗaki, a shafa farar ƙasa a soro, a yi fenti a na bulo. Wannan alkawari ne.

Shekara goma sha tara Hajiya tana gidan haya tun rasuwar Baba, ba ta taɓa yi mana ƙorafi ba, sai dai duk sanda aka ambaci cikin gari ta ce can ne ake jin kiran salla daga masallatai huɗu a lokaci guda. Ka kai ta ta ga gidan kafin a fara aiki. Ta zaɓi ɗakinta da kanta, ta nuna inda take son murhu da inda za a kafa turken akuyarta. Abin da ta ce shi za a yi, ko da ya saɓa da duk abin da na rubuta a nan, ban da maganar silin da rijiya.

Ranar Juma'a in sha Allah zan turo kashi na farko, na magini da indararo da kwano. Ka sayi ɗan littafi ka riƙa rubuta abin da aka kashe, ba don ina shakkarka ba, sai don mu san inda muka tsaya, kuma ka cire kuɗin man babur ɗinka a ciki, kada ka ji nauyi. Ran da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, ina roƙonka ka je gidan ko da dare ne, ka tsaya a soro da fitila ka ɗaga kai, sannan ka ɗauko mini bidiyon indararon yana zuba da rariyar tana ja.

Ka gaishe mini da Hajiya da kyau, ka ce ina neman addu'arta. Ka gai da Baffa da Gwaggo da Anti da Auta da yara duka. Maman yara tana gaishe ku, ta ce a ajiye mata kuka da daddawa in an samu mai zuwa.

Wassalam.

Naka,
ƙaninka