Godiya ga Oga da yaran garejin Farin Gada da suka gano misin ɗin Hilux ɗina

Assalamu alaikum Oga, kai da duk yaranka na gareji, sannunku da aiki.

Nace sai na rubuta wannan a fili inda jama'a zasu gani saboda godiyar da nayi maka da baki ranar da nazo ɗaukar mota wallahi bata ishe ni ba, kuma masu irin motata suna da yawa a garin Jos ɗin nan, na san akwai wanda yanzu haka yana can yana zuba kuɗi a kan irin wannan matsalar.

Motar Hilux ce mai fetur, injin 2.7 mai silinda huɗu wanda kuke cewa 2TR, da ita nake ɗauko dankalin turawa daga Bokkos da Mangu zuwa kasuwa, wani lokacin kuma in sauka da kabeji da karas Abuja ta Hawan Kibo. Da ita nake ci da iyalina. Toh sai ta fara misin, da asuba in an tayar da ita sai ta riƙa karkarwa har sitiyari na rawa a hannu, salansa na fat-fat, wutar cek injin na ƙiftawa, bayan ƴan mintuna sai ta lafa ta koma lafiya lau har dare, gobe da safe kuma a sake. Ga shan mai ya ƙaru, kuma kowa ya san tunda aka cire tallafi a 2023 lita ɗaya ma ba abin wasa bace ga mai ɗaukar kaya.

Kafin in zo wajenku na zaga. An canza fulogi, an ce kwayil ne, wato abin da ke ba fulogi wuta, na shiga Dilimi na sayo, an wanke nozul mai fesa mai a silinda, an canza fuwel famfo, wani yace gurɓataccen mai na sha, wani ya jona kwamfuta ya goge lambar wutar ta mutu ya karɓi kuɗinsa, washegari ta dawo. Na ƙarshe cewa yayi in sauke injin in nemi Beljiyam. Ba zagin kowa nake ba, kowa iya saninsa yayi, amma duk cikinsu babu wanda ya tsaya ya tambaye ni komai.

Kai kuwa Oga kafin ka taɓa sifana sai da ka zaunar da ni kana tambaya, yaushe take yi, da sanyi ko da zafi, da kaya ko ba kaya, ta taɓa ofahitin, kana ƙara ruwa a lagireto? Nace eh ina ɗan ƙarawa jefi-jefi amma ban taɓa ganin ɗigo a ƙasa ba. Baka ce komai ba a lokacin. Ka jona na'ura ta fito da P0303, ka juyo da ita ka nuna min, kace in da P0300 ce to misin ɗin yawo yake ba silinda ɗaya ba, amma lambar ƙarshen nan ita ke faɗin silinda, kenan ta uku ce in an fara ƙirga daga gaban inji wajen fanka. Ka bayyana min yadda kwamfutar motar take ganewa, akwai sensa da ke ƙirga juyin karanshaf, duk silindar da bata tashi ba juyin zai ɗan yi sanyi daidai lokacinta. Ka kuma buɗe inda ta ajiye bayanin lokacin da abin ya faru, ya nuna injin na da sanyi. Sannan kace na'ura wurin kawai take nunawa, dalilin mutum ne zai nemo, kuma silinda abu uku take so, wuta da mai da matsi, za'a bi su ɗaya bayan ɗaya ba tare da an sayi komai ba.

Wannan maganar ta ba sai an sayi komai ba ita ta sa hankalina ya kwanta, dan a lokacin aljihuna ya riga ya gaji. Ka sa yaro ya ɗauke kwayil ɗin ta uku ya kai ta ɗaya, fulogin ta uku ya kai ta biyu, kace in kwayil ne lambar zata koma P0301, in fulogi ne P0302, in kuma ta tsaya inda take to su biyun basu da laifi. Tunda da sanyi kawai take yi kace dole motar ta kwana. Da safe lambar na nan a uku. Aka musanya nozul ɗin da na ta huɗu, riwaya ɗinku ya bi wayar nozul da ta kwayil har soket ya tabbatar wuta na zuwa, aka sake bari ta huce, har yanzu uku. Aka auna kwamfreshan, duk huɗun suna kusa da juna babu wadda ta faɗi sosai, kuma gaskiya a nan ne na ɗauka kai ma zaka ce min sai haƙuri.

Sai ka koma kan maganar ruwan nan. Ka cire murfin lagireto ka ɗaura wani famfo mai agogo ka bashi iska, ka cire fulogai, aka barta ta kwana haka. Da gari ya waye allurar ta sauka, ƙasan mota a bushe, tiyo duk lafiya. Ka zura ƙaramar kyamara mai waya ta ramin fulogi ka kira ni nazo na gani da idona a waya, fistin na ɗaya da na biyu da na huɗu baƙi ƙirin da hayaƙi yadda aka saba, na ukun kuwa fes kamar an wanke shi da soso, ga ɗigon ruwa nan yana gangarowa daga gefen gasket. Tof gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, ita ce ta ɗan ci tsakanin hanyar ruwa da silinda ta uku. Ka min bayani yadda na fahimta, in an kashe inji ruwan yana nan da matsi a cikin lagireto, sai ya riƙa tsatsafowa cikin silinda duk dare, da asuba ya jiƙa fulogi wuta ta kasa kamawa, in ya ƙone ƙarfe yayi zafi ya buɗe sai kafar ta matse, shi yasa da rana babu komai kuma awon kwamfreshan bai kama ta ba. Baƙin mai bai zama ruwan madara ba saboda yoyon bai bi ta hanyar mai ba, wanda shi kaɗai mutane suka sani suna dubawa. Farin hayaƙin safe kuma a hunturun Jos kowace mota tana yi, waye zai zargi wannan.

Baka tsaya a gasket ba sai da ka nemi abinda ya cinye ta. Ashe babu tamostat mai daidaita zafin inji a motar tun kafin ta zo hannuna an cire, murfin lagireto kuma sifirin ɗinsa ya saki baya riƙe matsi yadda ya kamata. Kace tof ɗin alminiyam ne bulok kuma baƙin ƙarfe, basa buɗewa daidai in zafi ya wuce kima, ofahitin ɗaya a hawa da kaya ya isa ya ɗan lanƙwasa tof. Ka kuma tuna min Jos ta haura mita 1,200 a sama da teku, ruwa a nan yana tafasa tun wajen digiri 96, to in murfi baya riƙe matsi kuma ruwan rijiya ake zubawa, ina dalili. Wannan al'adar cire tamostat da ake cewa wai na ƙasar Turawa ne, a ganina masu mota a Filato ya kamata su fara bari, mu da muke tashi cikin sanyi.

Aikin kansa ma abin kallo ne. An ɗora ƙarfen awo a fuskar tof an ga inda ta lanƙwashe, an kai an goge fuskar, an sa gasket orijina, ka ɗaure kusoshin da sifana mai awo daga tsakiya zuwa gefe bi da bi, ba irin ɗaurin a sa bututu a hau da ƙarfi ba. An juye baƙin mai da filta, an sa tamostat da sabon murfi, an zuba kulan na gaskiya. Ka faɗa min da an ci gaba da tafiya a haka wata rana ruwan zai taru da yawa fistin ya buga shi kwanrod, sandar da ke haɗa fistin da karanshaf, ya lanƙwashe, a nan ne injin zai tafi da gaske, kuma ƙiftawar wutar nan gargaɗi ne cewa ɗanyen mai na sauka salansa yana ƙona katalis, abin nan da ke tace hayaƙi. Ka sa aka ɗaga motar ka nuna min katalis ɗina na nan inda yake ba tare da na tambaya ba, duk mai mota ya san dalilin da yasa wannan yake faranta rai. Tsofaffin kwayil ɗin da aka ce sun mutu ka gwada su kace lafiyarsu ƙalau, ka sa min a leda in ajiye a mota.

Dole in gode wa yaranka daban, musamman ƙaramin nan da yake zuwa tun kafin rana ta fito cikin hazo dan kada a tayar da motar babu na'ura a jone. Na lura duk abinda kake yi kana kiransu su gani kana tambayarsu me suke tsammani zai fito kafin ka gwada, wannan ya burge ni ƙwarai, dan gobe su zasu buɗe nasu garejin.

Yanzu mota na tashi da bugu ɗaya da asuba, ruwa baya raguwa, na hau Hawan Kibo da kaya allurar zafi bata motsa daga tsakiya ba. Allah ya saka da alheri Oga, ya albarkaci sana'a, ya kawo kasuwa mai albarka, ya raya yara. Zan kawo ta ku sake duba ruwa da fulogi lokacin sabis kamar yadda kace, kuma buhun dankalin da na aiko na yara ne, dan Allah kada a dawo min da shi.

Naku,
Mai farar Hilux ɗin dankali