Gwamnoni su daina fakewa da Abuja

Assalamu alaikum Edita,

Dan Allah a ɗan ba ni fili in faɗi wani abu da ya daɗe yana tsaya min a rai. Kullum in aka taɓo matsalar wata jiha sai ka ji gwamna ya fito yana cewa ai hannunsa a ɗaure yake, komai yana Abuja. Eh akwai gaskiya a ciki, amma rabinta suke faɗa.

Kundin tsarin mulkin 1999 da aka rubuta shi, abubuwa 68 ya ware wa gwamnatin tarayya ita kaɗai, soja, kwastam, buga kuɗi, fasfo, ma'adinan ƙarƙashin ƙasa, har da 'yan sanda, sashe na 214 ya ce rundunar ɗaya ce tak a ƙasar nan. Gwamna yana iya ba kwamishinan 'yan sandan jiharsa umarni amma kwamishinan na da damar cewa ranka ya daɗe a kai maganar sama tukuna, kaga kenan sunan shugaban tsaron jiha da ake kiran gwamna da shi suna ne kawai. Kuɗi ma haka, in an zauna rabon wata tarayya ta kwashe kashi 52.68, jihohi 36 su raba 26.72, ƙananan hukumomi 774 su samu 20.60. Wannan tattara iko wuri guda gadon soja ne, a jamhuriya ta farko lokacin su Sardauna yankuna ne ke da ƙarfi. A Amurka gyara na 10 da aka yi wa kundinsu a 1791 cewa ya yi duk ikon da ba a ba tarayya ba na jihohi ne ko na jama'a. Indiya ma 'yan sanda a hannun jihohi suke.

To amma ni tambayata, wanda aka ba su fa, me suka yi da shi? Filaye tun dokar 1978 a hannun gwamna suke, shi ke sa hannu a takardar mallaka. Makarantar firamaren da iska ta yaye rufinta yara na zaune a ƙasa, da asibitin sha-ka-tafi da babu ko auduga, wannan ba aikin Abuja ba ne wallahi, na jiha da ƙaramar hukuma ne. A watan Maris na 2023 Buhari ya sa hannu a gyaran da ya ba jihohi damar samar da wutar lantarki da raba ta, da shimfiɗa layin dogo, da gina gidajen yari. Kowa ya tambayi gwamnansa ina aka kwana.

Abin da ya fi ba ni dariya ma, masu kukan Abuja ta danne su su ne suka zaune kan ƙananan hukumomi shekara da shekaru da sunan asusun haɗaka, su rushe zaɓaɓɓu su naɗa kantomomi, in ma an yi zaɓen jam'iyyar gwamna ta cinye duka kujerun ko kansila ɗaya ba a bari. Sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye.

Shi ya sa maganar 'yan sandan jiha nake ɗari-ɗari da ita duk da na san ana buƙatarsu. Dattawanmu ba su manta yadda aka yi amfani da 'yan doka na En'e, wato 'yan sandan hukumomin sarakuna na da, aka riƙa kama 'yan jam'iyyar adawa ta NEPU ba. In za a yi, to naɗa kwamishina da cire shi kar ya zama a aljihun mutum ɗaya, kuma a fara karɓe zaɓen ƙananan hukumomi daga hannun hukumomin zaɓen jihohi.

Na gode, a huta lafiya.

Mai karatunku na kullum