Godiya ga ofishin masu binciken littattafan kamfaninmu

Assalamu alaikum.

Zuwa ga shugaban ofishin da dukkan ma'aikatansa, manya da ƙanana.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, na ga ya fi dacewa in yi wannan godiya a bainar jama'a maimakon in rufe ta a ambulan, domin aikin da kuka yi mana bana ya zarce abin da aka rubuta a takardar yarjejeniya. Ni ɗaya ne daga cikin daraktocin wani matsakaicin kamfanin fasa dutse, kuma ba akanta ba ne. Irina suna da yawa a kujerun daraktoci da tarukan masu hannun jari. Kowa ya iya duba ciniki, kowa ya iya duba riba, amma da an iso layin da ake cire maƙudan kuɗi da sunan ragin darajar kadarori, sai a gyaɗa kai a juya shafi. Ofishinku ne ya ce a tsaya a karanta.

Hajiyar da ta jagoranci aikin ta nemi a ware mata zama da mu kafin a sa hannu a rahoton shekara. Ta fara da abin da ya haɗa ragin guda uku. Duk abin da kamfani ya saya yau amma zai yi masa aiki shekaru, ba a ɗora kuɗinsa a kan shekara ɗaya. Rarraba shi ake yi a kan shekarun da za a ci moriyarsa. In inji ne ko mota ko gini, ragin tsufa ake yi. In ma'adini ne da ake haƙowa yana ƙarewa, ragin ƙarewa. In kuma haƙƙi ne da ba a iya taɓawa da hannu, kamar lasisi ko manhaja, ragin wa'adi.

Sai ta tashi ta rubuta lissafi a allo da lambobi masu sauƙi. A ce an sayi injinmu na niƙa dutse miliyan 120, ana sa ran zai yi shekara 10, a ƙarshe a sayar da shi miliyan 20. Abin da za a rarraba miliyan 100 ke nan, wato miliyan 10 kowace shekara. Akwai kuma hanyar da ake cire wani kaso na abin da ya rage: in kashi 20 cikin ɗari ne, shekarar farko miliyan 24, ta biyu miliyan 19.2, haka yake ta sauka. Hanya ta uku ita ce a bi yawan aikin da injin ya yi. Ƙa'idar IAS 16 ta hukumar IASB da ke Landan, mai tsara ƙa'idojin lissafin kamfanoni na ƙasa da ƙasa, ta amince da duka ukun, da sharaɗin a zaɓi wadda ta yi daidai da yadda ake cin amfanin kadarar. Ta ƙara da cewa inji ba ya daina tsufa a littafi don an ajiye shi ba ya aiki, matuƙar da shekaru ake lissafinsa, kuma sashen da ya fi saurin cinyewa, in kuɗinsa mai kauri ne, lissafinsa daban da na gangar jikin injin.

Nan wani dattijo daga cikinmu ya yi tambayar da na san tana ran mutane da yawa. Ya ce, "Hajiya, shekara huɗu kuna cire miliyan goma-goma. To miliyan arba'in ɗin nan a wane banki take?" Ba wanda ya yi dariya a ɓangarenku. Ta ce, "Baba, ba ta kowane banki. Kuɗin ya fita tun ranar da aka sayi injin." Ta buɗe takardar shige da ficen kuɗi ta sa yatsa a inda aka mayar da ragin a kan riba, saboda ba sisin da ya bar aljihun kamfani a wannan shekara da sunansa. Ta ce jimillar ragin da ake gani a takardar kadarori shaida ce kawai ta nawa aka cinye daga kuɗin sayen injin. In ana son kuɗin sabo ya kasance a hannu ranar da tsohon ya kwanta, sai daraktoci sun ware da gangan. Dattijon ya ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma a zaman nan aka amince a buɗe asusun sabunta injuna.

Babban abin da ya sa na ɗauki alƙalami kuwa shi ne abin da ya biyo baya. Ribar bana ba ta yi armashi ba, kuma akwai masu son a yi wa masu hannun jari rabo mai tsoka. Sai aka kawo shawarar a mayar da rayuwar injin shekara 15 maimakon 10. Ma'aikatanku ba su ce haramun ne ba. Sun ce ƙa'ida ma ta wajabta a riƙa sake duba shekarun aikin kadara da abin da za ta yi saura aƙalla duk ƙarshen shekara, kuma in an sauya, gaba ake gyarawa, ba a komawa a taɓa rahotannin baya. Sai suka yi lissafin a gabanmu. Bayan shekara huɗu saura miliyan 80 a littafi, a cire 20, a raba 60 a kan shekara 11 da suka rage, ragin ya sauko daga miliyan 10 zuwa kusan miliyan 5.5. Riba ta ƙaru da kusan miliyan 4.5 ba tare da an sayar da ƙarin tsakuwa ko tifa ɗaya ba. Daga nan suka ce a kawo hujja: rahoton injiniya, littafin gyare-gyaren bakanike, da bayanin kamfanin da ya ƙera injin. Da aka kawo littafin gyaran, shi da kansa ya ƙaryata shawarar, domin injin ya fi zama a hannun bakanike bana fiye da bara. Suka ce cikin ladabi ba za su sa hannu a kan shekara 15 ba. An ɗan ɓata rai, ba zan ɓoye ba. Ofishin da ke tsoron kada abokin hulɗa ya kuɓuce masa da ya yi shiru.

Misalan da Hajiya ta kawo don mu san abin ba wasa ba ne sun zauna mini. A 1998 kamfanin kwashe shara na Waste Management a Amurka ya sake rubuta ribar shekarun baya, ya rage kimanin dala biliyan 1.7, kuma cikin dabarun da aka yi amfani da su har da tsawaita shekarun motocin shara da kumbura abin da za su yi saura. Kamfanin sadarwa na WorldCom, shi ma a Amurka, a 2002 an gano ya ɗauki kimanin dala biliyan 3.8 na kuɗin gudanarwa na yau da kullum ya rubuta a matsayin kadara, don a rarraba su a kan shekaru maimakon su ci ribar shekarar. Amma ta yi adalci, ta ce ba kowane tsawaitawa ne zamba ba. A 2023 Alphabet, uwar Google, ta mayar da rayuwar manyan kwamfutocinta na ajiyar bayanai daga shekara 4 zuwa 6, ta bayyana hakan a fili, ragin tsufanta na shekarar ya sauka da kimanin dala biliyan 3.9. Abin dubawa, in ji ta, shi ne ko akwai hujja, kuma ko an faɗa wa mai karatu.

A kan dutsen kansa ma kun buɗe mana ido. Galibi ba a yi wa fili ragi, tunda ƙasa ba ta tsufa, amma wurin fasa dutse na cikin abubuwan da ƙa'idar ta keɓe, domin kowace tifa da ta fita ta tafi da wani yanki nasa. A ce an kashe miliyan 500 a kan wurin, masana sun ƙiyasta tan miliyan 10 za a iya fitarwa, kowane tan yana ɗauke da 50 ke nan. In an fasa tan 400,000 a shekara, ragin ƙarewa miliyan 20 ne, kuma rabon tsakuwar da ba a sayar ba yana nan kwance cikin kuɗin kayan da ke jibge har ranar da za a sayar. Duk lissafin nan ya rataya ne a wuyan ƙiyasin abin da ke ƙarƙashin ƙasa, wanda ba mai ganinsa da ido. In an kumbura shi, ragin kowane tan ya yi ƙasa, riba ta yi sama. Manyan kamfanonin mai ma ba su tsira ba: a watan Janairun 2004 Shell ya rage ƙiyasin mai da iskar gas da ya ce ya tabbatar da su da ganga biliyan 3.9, kusan kashi ɗaya cikin biyar, kuma shugabansa Philip Watts ya bar kujera a sanadin haka. Shi ya sa kuka nace a sake auna wurinmu tunda awon da muke dogaro da shi ya tsufa, kuka kuma tuna mana cewa kuɗin gyara ramin bayan an gama haƙa shi ma tun yanzu ake shigar da shi lissafi.

Ragin wa'adi bai ɗauke mu lokaci ba. Lasisin shekara 5 da aka biya miliyan 25 yana cin miliyan 5 duk shekara, haka manhajar lissafi gwargwadon shekarun da za ta yi amfani. Haƙƙin ƙirƙira da doka ke karewa shekara 20 ma, in za a daina cin moriyarsa kafin nan, gajeren lokacin ake bi. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ƙarin kuɗin da kamfani ke biya sama da darajar kadarorin wani kamfanin da ya saya. Tun 2004 ƙa'idojin ƙasa da ƙasa suka daina rarraba shi a kan shekaru. Gwada shi ake yi duk shekara, in darajar ta faɗi a sare a lokaci guda. Irin wannan sarar ce ta fi yawa a asarar kusan dala biliyan 99 da kamfanin intanet da yaɗa labarai na AOL Time Warner a Amurka ya bayyana ta shekarar 2002.

Wani matashin daraktanmu yana son lambar nan ta EBITDA, wato riba kafin a cire kuɗin ruwa da haraji da waɗannan ragin. Hajiya ta ce tana da amfani wajen kwatanta kamfanoni, bankuna ma suna dubawa, amma ga mai sana'ar da ƙarfe ke cinyewa kullum, yaudarar kai ce a ɗauke ta a matsayin riba. Shahararren mai zuba jarin nan na Amurka, Warren Buffett, ya daɗe yana sukar masu yin haka. Ni ma ra'ayina ke nan yanzu, ko da yake matashin bai sauka daga nasa ba. Ta kuma gargaɗe mu kada mu haɗa ragin da ke littafinmu da wanda hukumar haraji ke amincewa da shi, domin kowace ƙasa da nata jadawalin, kuma bambancin ne ke haifar da harajin da ake ɗagewa zuwa gaba.

Ina miƙa godiya ta musamman ga ƙananan ma'aikatanku biyu da suka sa hular kwano suka shiga ƙura suna bin injuna ɗaya bayan ɗaya, suna gwama lambar jikin kowanne da rajistar kadarori. Su suka gano janareta da aka daɗe da sayarwa amma ana ta yi masa ragi a littafi, da wata babbar mota da lissafinta ya ƙare tuni alhali kullum tana kan hanya. Yallaɓai shugaban ofis, a yaba musu a gaban abokan aikinsu.

Roƙona ɗaya ne. Baɗi, kafin babban taron masu hannun jari, a sake irin wannan zama, a buɗe shi ga duk mai hannun jarin da ke so, a kuma zo da shafin ƙarin bayani inda aka jera shekarun aikin kowane rukunin kadara, domin da shi za mu fara.

Allah ya saka da alheri, ya ƙara ɗaukaka.

Naku,
Ɗaya daga cikin daraktocin kamfanin.