Zuwa ga Abba, kan littafin sojan kakanka

Abba,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Mu nan sai godiyar Allah. Ƙafar mahaifiyarka ce dai take tashi idan sanyi ya sauko, amma da sauƙi.

Na ga hotunan da ka turo, na kuma saurari saƙon muryarka har sau uku. Ban kira ka ba saboda maganar ta fi ƙarfin waya, ga shi kai idan abu ya ɗauke maka hankali ba ka barin mutum ya kai aya. Littafin sallamar soja da ka tsinta a ƙasan adakar marigayiya Hajiya na san shi. Ina yaro na sha ganin sa nannaɗe cikin wani tsumman alawayyo, tare da lambobin yaƙi biyu da suka yi baƙi. Ba a yarda mu taɓa ba. Abin da ya tayar maka da hankali shi ne ka ga an rubuta Garba Katsina, alhali kowa ya san Baba da Malam Habu, kuma a cikin birnin Kano muka tashi muka gan shi. Har ka kai ga cewa wataƙila Baba ba ɗan Malam Babba ba ne. Ka tsaya tukuna.

Sunan farko ba abin damuwa ba ne, kuma na yi mamaki da ka tsorata da shi, kai da ka ci sunan. Habu da Garba da Buba da Bukar duk Abubakar ne, kamar yadda ake ce wa Umaru Sanda, a ce wa Usman Shehu, a ce wa Yusufu Maitama. Kai kanka wa yake kiran ka da sunan yanka a gidan nan? Ni bakina ba zai iya ba, tunda sunan mahaifina ne, shi ya sa ka zama Abba. Wanda zai zo bayan shekara saba'in ya ga wannan wasiƙa, ya ga kuma takardar digirinka, zai iya rantsuwa mutum biyu ne.

Katsina ɗin ce ke buƙatar tunani. A zamanin Turawa, idan mutum ya tsaya gaban malamin rajista, a makaranta ne ko a bariki, sai a tambaye shi sunansa da garinsu, a haɗa biyun a rubuta, shi ke nan ya zama sunansa. Ta haka muka sami Abubakar Tafawa Ɓalewa da Shehu Shagari da Aminu Kano. Sardauna ma Ahmadu Raba aka san shi da farko. To amma garin da mutum ya faɗa ba dole ne ya zama inda aka binne cibiyarsa ba. Wani inda aka ɗauke shi aiki ake liƙa masa. Wani kuma da gangan yake faɗar wani gari, don kada iyaye su bi sawu su dawo da shi. Ka tuna Baba daga gidan malamai ya fito, kuma a wancan lokaci ɗan malam ya ajiye allo ya sa gajeren wando ya bi Nasara abin kunya ne babba. Hajiya ta taɓa faɗa mini cewa guduwa ya yi, ba a san inda yake ba sai da ya dawo a 1946. A Yaƙin Duniya na Biyu, Runduna ta 81 da ta 82 ta sojojin Afirka ta Yamma su ne aka kwasa a jirgin ruwa zuwa Indiya, daga nan suka shiga dajin Burma suka fafata da Japan a kwarin Kaladan da Myohaung, inda barikin nan na Legas ya samo sunansa. Saurayin da ya iya tsallake teku ba da sanin ubansa ba, ba zai yi masa wuya ya ce shi Bakatsine ne ba.

Duk da haka ba zan ɓoye maka abin da idona ya gani ba, domin kai ba yaro ba ne yanzu. Baba yana da tsage a kumatunsa wanda babu a fuskar ko ɗaya daga cikin ƙannensa. Wata rana ina ɗan shekara tara ko goma, yana zaune a zaure wanzami yana yi masa aski, na ce, “Baba, me ya sa Baffa ba shi da irin wannan?” Wanzamin ya ɗaga aska ya tsaya cak. Baba bai ce komai ba, ya miƙo mini kwabo ya ce in je in sayo masa goro. Da dare Hajiya ta murɗe mini kunne, ta ce kada in ƙara. Ban ƙara ba har ya koma ga Allah. Ka san tsagen gado na gidan uba ne, ranar suna wanzami yake yi. Amma akwai kuma tsagen magani, akwai wanda ake yi wa yaron da 'yan uwansa suka yi ta mutuwa a gabansa. Yana yiwuwa kakata ta zo da shi gidan Malam Babba a goye, agola ke nan. Yana yiwuwa ɗan riƙo ne daga dangi na wajen Katsina. Yana yiwuwa kuma babu ko ɗaya.

Mutum ɗaya ya rage a duniya da zai iya warware wannan, ita ce Gwaggo ta Bichi. Ta haura tamanin da biyar, ido ya yi rauni, amma hankalinta garau. Da ita za ka fara, kafin ka kashe kuɗin mota zuwa Kaduna. Ban hana ka zuwa gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke can ba, ko Gidan Arewa, za ka ƙaru. Sai dai takardun lardi sun fi cika da sunayen sarakuna da hakimai da dagatai da lissafin haraji da jangali, talaka a cikinsu yawanci adadi ne. Lambar sojan da ke jikin littafin ita ce abin riƙewa, domin suna na iya sauyawa, lamba kuwa ta mutum ɗaya ce. Ka kwafe ta daidai, ka nuna wa ƙungiyar tsofaffin sojoji ko za su yi maka jagora.

Idan ka je wurin Gwaggo, kada ka shiga da biro da takarda kamar mai ƙidaya, kada kuma ka ɗora mata waya a baki. Ka kwana biyu. Ka tambaye ta auren uwarsu, wa ya kawo ta Kano, daga wane gari aka kawo gara, su wa suke zuwa daga nesa idan an yi haihuwa ko rasuwa. Tsofaffi ba sa amsa tambayar da aka yi musu kai tsaye a kan asali, amma idan aka bar su da zaren labari su da kansu suke kaiwa wurin. Kuma ka lura, ba za ta ambaci sunan mijinta ko na ɗanta na fari ba, sai ka nemi wanda zai fassara maka su wane ne “shi” da “wancan”.

Abin da na roƙe ka da girman Allah, kada ka sa hoton littafin nan a zauren WhatsApp na dangi. Gidan cikin birni an raba gadonsa tun kana ciki, kuma har yau akwai masu ƙorafi a kan soron gaba. Ranar da 'ya'yan Baffa suka ji ana cewa Baba agola ne, ba tarihi za su ji ba, gida za su ji. Maganar gwajin jini da ka kawo ma ka ajiye ta. Wa za ka je ka ce ya ba ka jininsa, da wane bayani? Malam Babba ya kira Baba ɗansa, ya aurar da shi, ya rasu bai taɓa cewa ba nasa ba ne. A shari'a wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma zato ba ya rushe nasaba.

Idan kuwa Gwaggo ta faɗi wani abu dabam da bakinta, ka rubuta shi yadda ta faɗa, da ranar da ta faɗa, ka ware abin da ta gani daga abin da aka ba ta labari. Ba zan ce ka binne gaskiya ba. Allah ya ce a Suratul Ahzab a kira mutane da sunan ubanninsu, kuma Zaidu ɗan Harisa bai ragu da komai ba ranar da aka daina ce masa ɗan Muhammadu. Idan Baba yana da wani uba a ƙasar Katsina, to akwai kabarin da shekara ɗari babu wanda ya yi wa mai shi addu'a daga cikinmu, kuma ina so in san sunansa kafin in mutu. Sai dai ni za ka fara kawo wa maganar, mu zauna mu biyu mu ga yadda za a shaida wa sauran.

Littafin kada ka kai a manne shi da leda mai zafi, takardar za ta lalace. Ka mayar da shi cikin tsummansa ka taho da shi da Babbar Salla, in Allah ya kai mu. Zan raka ka Bichi da kaina, na daɗe ban gaishe ta ba. Ka sayo mata turaren wuta da farin goro, ba ta cin ja.

Mahaifiyarka tana gaishe ku, ta ce a shafa mata kan yara.

Ni ne mahaifinka.