Bashin da ya ɓace a watan Fabrairu

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya iyali, ya Kano? Mu nan Garwa zafi ya kai intaha, Binuwai ya janye ya bar mana rairayi.

Ka tuna rahoton bashin 'yan kasuwa da Alhaji ya ce in haɗa masa a manhajar haɗa rahoto ta Power BI? Ya ba ni kunya a gabansa. Wani ɗan kasuwa daga Marwa ya ɗauki shinkafa ta sefa miliyan 2 a Janairu, ya biya 500,000 a Maris, ya cike saura a Mayu. Da Alhaji ya buɗe rahoton a Yuni ya duba Fabrairu, sai ya ga sifili. Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "To a Fabrairu wa na yi ta kira a waya?"

Laifina ne. Na sa na'ura tana duba halin da faktir, wato takardar kuɗin kayan da aka sayar, take ciki yau, an biya ko ba a biya ba, don haka duk wanda ya biya sai bashinsa ya goge har a watannin baya. Gyaran shi ne a tsaya a ranar ƙarshen kowane wata, a tara duk faktir da aka yanka zuwa ranar, a cire duk kuɗin da ya shigo zuwa ranar. Sai da na ware teburin bayanan faktir daban, na biyan kuɗi daban, na haɗa su da teburin kalanda guda, sannan CALCULATE, umarnin lissafi na Power BI, ta yi abin da nake so. Fabrairu ya dawo da miliyan 2, Maris da Afrilu miliyan 1.5.

Wani tarkon kuma, in ka zaɓi wata uku tare, kada ka bari na'ura ta tara ragowar kowane wata. Kamar ka ƙirga buhunan sito a Janairu, ka sake ƙirga su a Fabrairu, ka ce sun ninka ne. Ragowar ranar ƙarshe kawai ake ɗauka.

Yanzu jimillar tana daidai da asusu na 411 na akantanmu, wato na bashin abokan ciniki, har da harajin TVA, wato VAT, na 19.25%. Saura in raba bashin kwana 30, 60 da 90. Masu biya da naira daga Mubi kuwa, canjin wace rana kake amfani da shi a wajenka? Rubuto min.

Ka gaishe min da Hajiya da yara.

Naka har kullum.